Ranar Da Aka Ƙidaya Ɗan Haya: Felix Morka da Shari'ar Matsuguni, Daga Maroko Zuwa Damba

A bakin garin Gusau, ta wajen hanyar da ta nufi Tsafe da Funtuwa, akwai unguwar Damba. Kafin a yanke Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, an fi sanin Gusau da kasuwanci da tashar jirgin ƙasa da masaƙa. Zamanta babban birnin jiha ya jawo ma'aikatan gwamnati. Kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 ya jawo ɗalibai da malamansu. Daga baya ta'asar 'yan bindiga ta koro mutanen karkara daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maru, suka shigo gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Dukkan waɗannan mutane abu ɗaya suke nema, wato ɗakin kwana, kuma unguwannin bakin gari irin su Damba ne suke karɓar su, wasu a gidan haya, wasu a kangon da mai shi bai ƙarasa ba.

Mutumin da ke zaune a ɗakin da ba nasa ba yana kwana da tambayoyi biyu. Idan mai gida ya ninka kuɗin haya ya ce a biya ko a fita cikin mako, wace doka ce za ta tsaya masa? Idan kuma gwamnati ta turo katafila ta ce unguwar ta saɓa wa tsarin gari, shi da ba shi da takardar fili, akwai wanda zai rubuta sunansa cikin waɗanda suka yi asara? Amsar da dokar Nijeriya take bayarwa a yau, mai kyau da maras kyau, an samo yawancinta ne a unguwannin talakawan Legas, a hannun wasu lauyoyi ƙalilan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Felix Morka, wanda ya shafe kusan shekaru ashirin yana wannan aiki kafin ya shiga siyasa.

Kwana bakwai

Maroko unguwa ce a gefen Victoria Island da ke Legas. Da yawa daga mazaunanta gwamnati ce da kanta ta kai su can a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, bayan ta tashe su daga wasu sassan birnin. Unguwar ta bunƙasa har ta zama gari guda, da makarantu da masallatai da coci-coci da kasuwanni, amma babu magudanan ruwa na kirki, kuma duk damina sai ta yi ambaliya. A daidai lokacin da unguwar ke cika da talakawa, filayen da ke maƙwabtaka da ita suka zama mafi tsada a faɗin ƙasar.

A watan Yuli na 1990, gwamnan soja na Legas, Kanar Raji Rasaki, ya ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai su tashi. Hujjar gwamnati ita ce wurin kwari ne da ruwan teku zai iya shafewa, kuma annoba na iya ɓarkewa. Ranar 14 ga Yuli katafiloli suka shiga, ana tsakiyar damina. Cikin 'yan kwanaki aka share matsugunin mutane kimanin 300,000. Mazaunan sun garzaya kotu tun kafin a fara rusau, ba su samu umarnin dakatarwa ba, shari'ar kuma ta ci gaba da jan ƙafa shekara da shekaru bayan gidajen da ake shari'a a kansu sun zama ƙasa. Daga baya aka cike kwarin da yashi, aka yanka filaye, wurin ya koma unguwar masu hannu da shuni da ake kira Oniru da kewayenta.

Abin da ya biyo bayan rusau ɗin shi ne ya fi shafar wannan tarihi. Da gwamnati ta tashi sake tsugunar da mutane a rukunin gidajen Ilasan da Ikota da Epe, waɗanda yawancinsu ba a gama ginawa ba, masu gidaje kawai ta duba, su ma waɗanda aka ware wa wuri ba su kai 3,000 ba. 'Yan haya, waɗanda su ne mafi yawan mazauna unguwar, ba su shiga lissafi ba. A idon hukuma, wanda bai mallaki bango ba bai rasa komai ba, ko da kuwa ya biya hayar shekara, ko da shagonsa da makarantar 'ya'yansa suna cikin abin da aka rushe.

Ƙofar da aka kulle

Dalilin da ya sa kotu ba ta yi wa mutanen Maroko rana ba bai tsaya ga mulkin soja kaɗai ba. Yana cikin ginin dokar ƙasar, kuma yana nan har yau.

Babi na Biyu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, kamar takwaransa na 1979, ya lissafa manufofin da gwamnati za ta sa a gaba. Sashe na 16(2)(d) ya ambaci samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni mai dacewa kuma wadatacce. Sai dai sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙarar da ke tuhumar gwamnati da saɓa wa abin da ke cikin wannan babi. Tun a 1981 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan fahimta a shari'ar Okogie da gwamnatin Legas. Ma'ana, an rubuta wa talaka alkawarin gida a shafi ɗaya, an cire masa ikon neman cika alkawarin a wani shafin.

Ta fuskar fili kuma akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa. Ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin an kwaikwayo tsarin ne daga dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ita ma ta samo asali daga dokar Turawa ta 1910. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama a fili saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya ga mai riƙe da filin a kan abin da ya gina ko ya shuka. Wanda ya kama ɗaki ɗaya a cikin ginin ba shi da gurbi bayyananne a wannan lissafi.

Ba wai kotunan Nijeriya ba su san illar fitar da mutum da ƙarfin tsiya ba ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin sojan Legas kaca-kaca saboda ta tura jami'an tsaro sun fitar da Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban alƙali. Shekara huɗu kacal bayan wannan hukunci aka rushe Maroko, wadda ba ta da nisa da Ikoyi. Ka'idar tana nan a rubuce. Wanda zai ɗauke ta ya kai ta unguwar talakawa ne ya yi ƙaranci.

Lauyan da ya sauya tambaya

Felix Morka ɗan asalin Jihar Delta ne. Ya yi aiki a sashen shari'a na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO, wadda Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo suka kafa a 1987, ya kuma ƙaro ilimin shari'a a Jami'ar Harvard da ke Amurka. A wancan zamani hankalin masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Nijeriya yana kan tsare mutane ba tare da shari'a ba, da rufe jaridu, da halin da gidajen yari ke ciki. Dalilinsu a fili yake, domin soja ne ke mulki. Maganar gida da abinci da asibiti kuwa ana ɗaukar ta a matsayin sha'anin raya ƙasa, abin da ake roƙon gwamnati ta yi idan ta samu hali.

A 1995 Morka ya kafa cibiyar SERAC a Legas, mai fafutukar haƙƙoƙin zamantakewa da tattalin arziki. Tushen aikin cibiyar shi ne cewa matsuguni haƙƙi ne da ake iya tuhumar hukuma a kansa, daidai da 'yancin faɗin albarkacin baki. Akwai madogara a dokokin duniya. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu a 1993. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya bayyana ma'anar matsuguni wadatacce a 1991, ya sa tabbacin zama da sauƙin kuɗi cikin sharuɗɗansa, ya kuma ce tabbacin ya shafi mai haya kamar yadda ya shafi mai mallaka. A 1997 kwamitin ya zayyana abin da ya wajaba kafin a tashi mutane: a yi shawara da su, a ba su isasshen wa'adi, a buɗe masu hanyar zuwa kotu, kada kuma a bar kowa a titi.

Matsalar ita ce alƙalin Nijeriya ba ya aiki da yarjejeniyar da majalisa ba ta mayar da ita dokar gida ba. Tun da babbar ƙofa a kulle take, aikin Morka ya zama neman ƙananan ƙofofi. Ya samu biyu, waɗanda suka biyo bayansa suka buɗe ta uku.

Ƙofa ta farko: Banjul

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta bambanta da sauran, domin Nijeriya ta mayar da ita dokar gida tun 1983, kuma a 2000 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfinta a shari'ar Abacha da Fawehinmi. Sai dai yarjejeniyar ba ta ambaci haƙƙin matsuguni da sunansa ba.

A 1996, 'yan watanni bayan gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas, SERAC da wata cibiya ta birnin New York mai suna CESR suka shigar da ƙorafi gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul a ƙasar Gambiya. Ƙorafin, mai lamba 155/96, ya shafi ƙasar Ogoni: gurɓata ruwa da gonaki da haƙar mai ta jawo, da ƙona ƙauyuka da jami'an tsaro suka yi. A ka'ida sai an gama da kotunan gida kafin a je Banjul, amma hukumar ta karɓi ƙorafin, tana la'akari da cewa dokokin soja sun riga sun ɗaure hannun kotunan Nijeriya.

Hukunci ya fito a watan Oktoba na 2001. Hukumar ta ce idan aka haɗa haƙƙin mallakar dukiya da ke sashe na 14, da haƙƙin lafiya na sashe na 16, da kariyar iyali ta sashe na 18, to haƙƙin matsuguni yana ƙunshe a cikinsu, domin duk wanda aka rushe wa gida an taɓa dukiyarsa da lafiyarsa da iyalinsa a lokaci guda. Ta ƙara da cewa mafi ƙarancin abin da ke kan gwamnati shi ne kada ta rushe gidajen mutanenta, kada kuma ta hana su sake ginawa, sannan ta kare su daga masu tashin su da ƙarfi, har da masu gidajen haya da 'yan kasuwar filaye. Har yau ana koyar da wannan hukunci a tsangayoyin shari'a na ƙasashe da dama, tare da shari'ar Olga Tellis ta Indiya ta 1985 da ta Grootboom ta Afirka ta Kudu ta 2000.

Raunin hukuncin shi ne hukumar Banjul shawara take bayarwa, ba ta da ɗan sanda ko ma'aikacin kotu da zai tilasta a bi. SERAC ta kai maganar Maroko ita ma gaban hukumar, kusan shekara ashirin bayan rusau, lokacin da da yawa daga cikin dattawan da suka fara shari'ar sun riga mu gidan gaskiya.

Ƙofa ta biyu: mai ba da bashi

Gwamnatin da ba ta jin maganar alƙali takan ji ta wanda ya ba ta rance. Bankin Duniya yana da ka'idar cewa duk aikin da aka yi da kuɗinsa, idan ya tashi mutane, sai an sake tsugunar da su ko an biya su, ko suna da takardar fili ko ba su da ita. Yana kuma da kwamitin bincike mai zaman kansa da talakawa za su iya kai wa kuka. A 1998 SERAC ta kai wa kwamitin ƙorafin mutanen Ijora da aka rushe wa gidaje a wani aikin magudanan ruwa. Kwamitin bai ba da shawarar a yi cikakken bincike ba. Amma an gane hanyar.

Mutanen Badia ta Gabas, a yankin Ijora, sun san tashi tun ba yau ba. Kakannin wasunsu an kawo su wurin ne a farkon shekarun 1970, da aka karɓe ƙauyensu na Oluwole domin gina Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu. Ranar 23 ga Fabrairu, 2013, a zamanin Gwamna Babatunde Fashola, katafiloli suka shiga unguwar da rakiyar 'yan sanda, suka rushe gine-gine aƙalla 266. Kusan mutum 9,000 abin ya shafa. Filin kuwa an ce za a gina rukunin gidaje ne a kansa, gidajen da waɗanda aka tasa ba su da ƙarfin saye.

A nan ne gwamnatin ta taka sawun ɓarawo. Badia tana cikin unguwannin da aka ware domin ingantawa a ƙarƙashin wani shiri na dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya ba Legas rance a 2006. SERAC da ƙungiyar Amnesty International suka tattara shaidu da hotunan tauraron ɗan Adam, suka fitar da rahoto a watan Agusta na 2013, SERAC kuma ta sake komawa kwamitin binciken bankin a madadin mazauna. Matsin lambar ya sa gwamnatin Legas ta amince a tsara jerin waɗanda abin ya shafa a biya su.

Jerin da aka fitar ya ƙunshi masu gine-gine ɗari uku da 'yan kai, da 'yan haya kusan 2,000. Wato a bayan kowane mai gida guda akwai kimanin magidanta shida da tsarin Maroko zai shafe sunansu. Kowane ɗan haya ya samu kimanin naira 90,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, gwamnati ta kira su tallafi maimakon diyya, Amnesty ta ce ba su yi kusa da asarar da aka yi ba, kwamitin bankin kuma ya rufe maganar a 2014 ba tare da bincike ba. A watan Satumba na 2015 aka sake yin wani rusau a Badia. Duk da haka, wani abu ya sauya tsakanin 1990 da 2014: gwamnatin jiha ta rubuta sunan ɗan haya a takarda, ta amince cewa shi ma ya yi asara.

Abuja, da ƙofa ta uku

Aikin SERAC bai tsaya a Legas ba. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Babban Birnin Tarayya, an rushe unguwanni da dama da sunan dawo da ainihin taswirar Abuja. A 2008 SERAC da cibiyar COHRE ta birnin Geneva suka wallafa rahoton da ya ƙiyasta cewa mutum kusan 800,000 aka raba da matsugunansu. A can ma tsohon bambancin ya sake fitowa da sabuwar riga. Shirin sake tsugunarwa ya fi karkata ga 'yan asalin yankin, alhali mafi yawan mazauna unguwannin baƙi ne masu haya: leburori, direbobi, masu gadi, ƙananan ma'aikata, da yawansu daga jihohin Arewa.

Ƙofa ta uku wasu ne suka buɗe ta. Megan Chapman, lauya 'yar Amurka da ta yi aiki a SERAC, ta haɗu da Andrew Maki suka kafa ƙungiyar JEI, wadda ke horar da mazauna unguwannin talakawa su zama masu taimaka wa lauya, su ƙidaya gidajensu da kansu, su ajiye shaida. Da aka tashi mutanen Otodo Gbame, wani ƙauyen masunta a yankin Lekki, tsakanin Nuwamba 2016 da Afrilu 2017, mutum fiye da 30,000 suka rasa wurin kwana. Lauyoyin ba su dogara da Babi na Biyu ba. Sun tafi Babi na Huɗu, wanda kotu ke da cikakken iko a kansa, suka kafa hujja da sashe na 34 mai kare mutuncin ɗan Adam. Ranar 21 ga Yuni, 2017, Mai Shari'a Adeniyi Onigbanjo na Babbar Kotun Legas ya yanke hukuncin cewa tashin mutane ba tare da isasshen wa'adi da wurin komawa ba rashin imani ne da wulaƙanci da tsarin mulki ya haramta, ya kuma umarci gwamnati ta zauna da su kan sake tsugunarwa. Gwamnatin ta ɗaukaka ƙara, mutanen Otodo Gbame kuma ba su koma ƙauyensu ba.

Awon riba da asara

Wanda ya auna wannan tarihi da yawan gidajen da aka ceto zai ce an sha kaye. Maroko ba ta dawo ba, Badia an sake rushe ta, sashe na 6(6)(c) yana nan daram. Dokar haya da Legas ta kafa a 2011, wadda ta haramta karɓar hayar fiye da shekara ɗaya a gaba, ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga hurumin ta, a sauran unguwannin ma masu gidaje da dillalai sun ci gaba da abin da suka saba, domin inda masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, mai gida ne ke yanka farashi. Lauya yana iya hana a fitar da mutum ba bisa ka'ida ba, amma hukuncin kotu ba ya aza tubali. Gina gidaje masu sauƙin kuɗi aikin gwamnati ne, kuma tun bayan gidajen Shagari da na Jakande na 1979 zuwa 1983, da Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 da ke cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ba a ga wani shiri da ya kai ga mai sayar da ruwa a kura ko matar da ta gudo daga ƙauye ba.

Shi kansa Morka ya sauya fage. A watan Maris na 2022 aka zaɓe shi sakataren yaɗa labarai na ƙasa na jam'iyyar APC, jam'iyyar da ke mulkin jihar da ya daɗe yana kai ƙara. Mutane sun sha bamban kan yadda suke kallon wannan mataki. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kayan aikin da shi da abokan tafiyarsa suka bari: hukuncin Banjul na 2001, darasin Badia kan bin sawun mai ba da rance, da hujjar mutuncin ɗan Adam da ta yi nasara a 2017. Ga kuma ka'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda suka ba ƙungiya ko lauya damar shigar da ƙara a madadin wanda ba shi da hali, suka kuma umarci alƙalai su yi la'akari da yarjejeniyar Afirka.

Komawa Damba

Arewa ta ga nata rusau. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi. 'Yan kasuwar suna da ƙungiya mai rajista, suna da takardu, suna da lauyoyi. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta yanke masu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Darasin daidai yake da na Badia: wanda ya zo kotu da suna da takarda da ƙungiya, ana sauraron sa.

Mai haya a Damba ko Tsafe ko Bunguɗu yana da kariya fiye da yadda yake zato. A dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya da jihohin Nijeriya suka gada, idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan wata-wata yana da notis na wata guda, mai biyan shekara-shekara yana da na wata shida, bayan nan a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance rufi ko watso kaya waje da hannunsa. A Zamfara, inda kotunan Shari'ar Musulunci suke aiki da faɗaɗɗen hurumi tun watan Janairu na 2000, fiƙihun Malikiyya ma ya yi magana. Hayar da aka yanka wa wa'adi sananne da kuɗi sananne tana ɗaure ɓangarorin biyu har wa'adin ya cika, kuma sayar da gidan ko rasuwar mai shi ba ya warware ta. Ta wata-wata da ba a yanka mata iyaka ba ce kowane ɓangare ke iya janyewa daga gare ta, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya.

Duk wannan kariya tana tsayawa ne a kan shaida, a nan kuma gizo ke saƙa. Haya da yawa a garuruwan Arewa da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali, bisa yarda da kunya. Wanda ya gudo daga ƙauye ya fake a kango da izinin mai shi ya fi kowa rauni, domin zamansa alfarma ce da za a iya janyewa da safe ɗaya. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala kan 'yan gudun hijira na cikin gida a 2012, ta kuma amince da manufar ƙasa a kansu a 2021, dukkansu sun ɗora wa gwamnati nauyin matsuguninsu. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta 1995, da reshen ƙungiyar lauyoyi na Gusau, duk wurare ne da irin wannan magana za ta iya shiga.

Gusau tana faɗaɗa, filayen bakin gari suna ƙara daraja, kuma tarihin Maroko da Badia da Abuja ya nuna abin da kan biyo bayan tsadar fili a inda talakawa ke zaune. A duk wuraren nan, aikin da ya fi amfani an yi shi ne kafin katafila ta iso, ko kuma an yi nadamar rashin yin sa: jerin sunayen mazauna gida-gida, wane ne mai gida, wane ne ɗan haya, tun yaushe yake zaune, nawa yake biya. Mai unguwa da limami da ƙungiyar matasa suna iya haɗa irin wannan jeri a littafi guda, lauya ɗaya kuma ya isa ya nuna masu yadda za a tsara shi har kotu ta karɓa. A Maroko babu wanda ya nemi sunan ɗan haya. A Badia an nema, an samu kusan 2,000. Ga magidancin da ke biyan hayar ɗaki a Damba, shiga irin wannan lissafi yana farawa ne daga ranar da ya miƙa kuɗi ya ce a rubuta masa rasit.